Wuta Ma Ciki Gare Ta

'Ya'yana, ranar da kuka zo mini bayan la'asar, ku huɗu, ɗan ƙanena na gaba rungume da kwamfuta, ban ba ku amsar kirki ba. Na kalli hoton da kuka nuna mini, ciyawa ta fi mutum biyu tsayi, injin yanka yana kutsawa cikinta, can kuma ga ƙwan lantarki yana haskaka wani ƙauye. Na ce Allah ya sa albarka, na sallame ku. Na ga alamar ba ku ji daɗi ba, wataƙila kun ce tsufa ne ya hana ni ɗoki. Ba tsufa ba ne. Zancen ne ya fama mini wani tsohon miki, ni kuwa ba na so in yi muku magana da zafin ciwo. Yanzu na kwana biyu ina juya shi, ga abin da ya sawwaƙa.

Shawararku ita ce a nemi fili a bayan gari, a shuka ciyawar giwa ko wani itace mai saurin girma, a riƙa sara ana zuba wa inji, injin ya ba garin wuta. Kada wani ya ce muku shirme ne. Tsiro rumbu ne da Allah ya yi wa hasken rana: ganye ya sha rana, ya ajiye ƙarfinta a kara da itace, ranar da aka cinna wuta ƙarfin ya fito. Masu wannan sana'a hanya uku suke bi. Wasu su ƙona itacen su tafasa ruwa, tururin ya juya farfelar inji. Wasu su turara shi a cikin tukunyar ƙarfe da iska kaɗan, kamar yadda mai gawayi ke yi, sai ya ba da iskar gas da janareta zai sha a madadin mai. Wasu kuma ɗanyar ciyawa suke zubawa tare da kashin shanu a rufaffen rami, ta ruɓe kamar yadda take ruɓewa a tumbin saniya, gas ya taso. Duk ukun ana yinsu a duniya, kuma suna da wata falala da faifan sola ba shi da ita: itace ba ya jiran rana ta fito. Ana iya tara shi a kaka a ƙona shi da tsakar dare a bazara.

To amma bari in ba ku labarin dokin mahaifina. Shekara guda ya yi yana tara kuɗinsa, ranar da aka kawo shi gida har da guɗa. Ba a yi wata biyu ba muka gane cewa sayen doki aikin rana ɗaya ne, ciyar da shi kuwa aikin kullum. Ni ne ɗan yankan ciyawa. Ko ana ruwa, ko ina zazzaɓi, ko ranar Sallah ce, da asuba sai na ji shi yana buga ƙafa a turke. Injin da kuke magana a kai doki ne. Duk wanda ya nuna muku hotonsa bai nuna muku akurkin abincinsa ba, ya nuna muku rabin magana.

Ku ɗauko biro mu yi lissafi, don na san kun fi ni iya shi. A ƙaramar tasha, kilo 1 na busasshen itace yunit 1 na wuta yake bayarwa, irin yunit ɗin da kuke saya a mita, wani lokaci ma bai kai ba. Dalili shi ne yawancin zafin yana bin hayaƙi da ruwan sanyaya inji ya tafi, abin da ke zama lantarki bai fi kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ba. Tasha mai megawat 1 tana fitar da yunit 24,000 a yini da kwana, wato tan 24 take haɗiyewa, kusan lodin tirela guda, kullum ta Allah. In ta yi aiki kwana 300 a shekara, tan 7,200 ke nan. Gonar da ke ba da tan 10 na busasshen itace a kowace hekta duk shekara ba ƙaramar gona ba ce, ko a ƙasashen da ruwa ya wadata. Ku raba, za ku ga hekta 720. Ku da kuka ce ƙarami za ku fara da shi, mai kilowat 100, ku cire sifili ɗaya: hekta 72, kuma sai in damina ta yi kyau, gara ba ta ci ba, gobarar daji ba ta bi ta kai ba. Gonakin magidanta nawa ne hekta 72 a garinmu? Ku kuka san amsa.

Ga kuma abin da ya fi ba ni mamaki ranar da na fara jinsa. Ganye, duk da kyan halittarsa, abin da yake iya ajiyewa daga hasken ranar da ya sauka a gona bai cika wuce kashi 1 cikin 100 ba. Faifan sola na yanzu yana kama wajen kashi 20, kuma lantarki yake bayarwa kai tsaye, ba sai an bi ta wuta da tururi ba. Wutar da hekta 72 na ciyawa za ta ba ku a shekara, faifan sola a kan hekta 1 ko ɗan fiye zai ba ku kwatankwacinta a irin ranarmu. Ban faɗi haka don in kashe muku gwiwa ba. Na faɗa ne don ku san da wa kuke kokawa a kasuwa. In za a yi wutar itace a nan, gurbinta dare ne da kwanakin hazo, ba tsakar rana ba.

Ba ku ne kuka fara wannan mafarki ba, kuma waɗanda suka riga ku ba wawaye ba ne. Bayan tashin farashin man fetur na shekarun 1970, gwamnatin Marcos a Filifin ta ɗauki abin da gaske. Daga wajen 1979 aka tsara kafa tashoshi da dama a karkara, kowace mai megawat 3, kowace da gandun itacenta na hekta 1,100 ko kusa da haka, a shuke da wani itace mai saurin girma da suke kira ifil-ifil. Manoma za su kula da gandun, su sare, a kai tasha. A takarda babu inda za ka sa allura. Da aka zo ƙasa, sai ga shi filayen da aka ware tsaunuka ne masu gangare, ƙasarsu mai tsami, irin wadda itacen ba ya so. Dashe da yawa suka mutu, waɗanda suka rayu ba su kai awon da aka rubuta ba. Sauko da itace daga kan tudu zuwa tasha ya ci kuɗin da ba a zata ba. Ana cikin haka, a tsakiyar shekarun 1980, wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ganye ya shigo yankin ya bi ifil-ifil ya kassara shi, da yake iri ɗaya aka shuka ko'ina. An sayo injuna daga waje da bashi, 'yan kaɗan ne suka taɓa yin aikin a-zo-a-gani. Doki ya iso, ciyawa ba ta iso ba.

A Ingila kuma sai aka yi akasin haka. A yankin Yokshaya, a wani wuri da ake kira Egbora, an gina wata tasha mai megawat 8 da aka raɗa wa suna ARBRE, wadda za ta riƙa mayar da itacen wilo gas. Wilo ɗin nan sare shi ake yi duk bayan shekara uku ko huɗu, kututturen ya sake tohowa, kamar yadda sabara ke yi mana. Manoman yankin suka sa hannu a yarjejeniya, suka dasa shi a gonakinsu. A 2002 kamfanin ya durƙushe tun injin bai kama aiki sosai ba. Manoma suka wayi gari da gonaki cike da itacen da ba a ci, ba a ba dabba, kuma tumɓuke shi ma sai da kuɗi. Wannan a ƙasar da ke da kotu mai aiki da lauyoyi ke nan. Abin dariya, ba nisa da wurin akwai tashar Drax, babbar tashar da ta bar kwal ta koma ƙona itace. Ita miliyoyin tan take ci a shekara, kuma yawancinsa a jirgin ruwa ake kawo mata daga Amurka da Kanada, don gonakin Ingila ba za su iya cika mata ciki ba.

Yanzu sai mikin nawa.

Kuna yara lokacin da aka yi yayin bini-da-zugu. Mu dai mun taso mun gan shi a shinge, dabba ba ta cinsa, yara ana hana su taɓa 'ya'yansa, sunansa kaɗai ya ishe ka kashedi. Sai ga shi a 2007 da 2008 ya zama ɗan gata. Gangar ɗanyen mai ta kai dala 147 a watan Yulin 2008, duniya ta rikice da neman abin da zai maye gurbinsa. Aka ce man 'ya'yan bini-da-zugu yana tada injin dizal, kuma gaskiya ne yana tadawa. Aka ƙara da cewa yana fitowa a ƙeƙasasshiyar ƙasa, ba ruwa, ba taki, ba wahala. Indiya ta yi shirin shuka miliyoyin hekta, Najeriya ma ta fitar da manufarta ta man tsirrai a 2007. A lokacin ina aikin malamin gona, saura kaɗan in yi ritaya. Wasu mutane suka zo da mota mai sheƙi da takardu masu launi, suka ce za su raba iri kyauta, su sayi duk abin da aka girba, har za su kafa injin matsa mai da janareta a ba ƙauyuka wuta. Ni na shiga gaba. Ni na tsaya a ƙofar fada na yi wa mutane bayani da bakina, kuma don sun san ni suka yarda.

Akwai wani dattijo, Allah ya jiƙansa, da ya ba da rabin gonarsa ta gero. Ina tuna ranar da na koma wurinsa a shekara ta uku. Itatuwan sun kai ƙirji, sun kaɗe ganye saboda rani, sun tsaya tsirara kamar sanduna. Ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon kwano, 'ya'yan da ya tsinta ne a ciki, baƙaƙe, ba su cika mudu uku ba. Ya ce tsintar ma azaba ce, don ba sa nuna lokaci ɗaya, yau ka sami biyar a reshe, jibi ka sami uku. Ya miƙo mini kwanon ya ce, “Malam, ina masu sayen?” Lambar wayarsu ta daina shiga tun bara. Farashin mai ya faɗo ƙasa da dala 40 kafin ƙarshen 2008, ɗokin ya mutu, motar ba ta sake dawowa ba. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na sa hannu a aljihu na biya shi kuɗin mudu uku, na kai kwanon gida, na rasa yadda zan yi da shi.

Abin da muka gane daga baya shi ne maganar tana da rabin gaskiya. Bini-da-zugu ba ya mutuwa a ƙasa mara kyau, amma rashin mutuwa daban, haihuwa daban. In kana so ya yi 'ya'ya sai ka ba shi ƙasa mai kyau da ruwa da taki, wato sai ka ba shi gurbin abinci. Haka kowane tsiron makamashi yake, ciyawar giwarku ma haka. Hoton da kuka nuna mini, ku bincika, za ku tarar daga ƙasar da ake ruwa wata takwas ko tara aka ɗauko shi, ko kuma ban-ruwa ake yi mata ana zuba taki. Mu da daminarmu wata huɗu ce, in ta yi kirki biyar, wurin da ciyawar nan za ta yi irin wannan tsayi fadama ce kawai. Fadama kuwa kun san abin da ke cikinta: shinkafa, tumatir, albasa, alkama, da mashayar dabbobi. Ko a Mali, inda suka riga mu sanin darajar itacen, mata na yin sabulu da 'ya'yansa tun da daɗewa, da aka kafa wa garin Garalo janareto masu kilowat 300 da niyyar su riƙa shan mansa, 'ya'yan da manoma ke kawowa ba su wadatar ba, sai da aka jingina da dizal.

Akwai kalmar da nake so ku yi hattara da ita, ita ce “filin banza”. Duk mai neman fili da ita yake zuwa. Ni dai a yawon aikina ban taɓa ganin filin banza ba. Wanda baƙo ya gani ba kowa, saura ce wani ya bari ta huta, ko burtali ne, ko makiyaya ce da Fulani ke sauka bayan kaka, ko nan ne mata ke samun kirare da kuka da ɗinya da ganyen magani. A gundumar Kisarawe ta Tanzaniya wani kamfanin Birtaniya ya karɓi hayar hekta kusan 8,000 daga ƙauyuka don bini-da-zugu, haya ta shekara 99. A 2011 kamfanin ya karye, ma'aikata suka rasa aiki, filin kuma bai koma hannun ƙauyukan ba, domin tun ranar sa hannu ya fita daga lissafin ƙasar ƙauye. A arewacin Gana ma an yi makamancin haka, har aka sassare kaɗanya, wadda da ita mata ke riƙe gida. Ku da kuka yi boko kun san dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna. In takarda ta fita da sunan wani, kukan gado ba ya dawo da ita cikin sauƙi. Kada a yi amfani da ƙuruciyarku da iliminku a shiga da ku gaba wurin hakimi, kamar yadda aka shiga da ni.

Ko inda ba a ƙwace wa kowa fili ba, kasuwa na yin nata ƙwacen a hankali. Jamus ta yi dokar tallafa wa sabon makamashi a 2000, a 2004 ta ƙara garaɓasa ga mai yin gas da amfanin gona. Kafin a ankara tashoshin gas sun kai dubbai, masarar da ake nomawa don su kaɗai ta doshi hekta miliyan 1, kuɗin hayar gona ya tashi har masu kiwon shanun madara suka fara kuka. A 2012 gwamnati da kanta ta sa iyaka ga yawan masarar da sabuwar tasha za ta zuba. Su suna da rarar abinci. Ku auna abin da zai faru a garin da mudun gero ke hana mutane barci a watan Agusta.

Na san abin da za ku ce, don ɗayanku ya fara faɗa a ranar: to a bar shuka, a yi da karan dawa da na gero, ai ga shi nan birjik bayan girbi. Ɗana, je ka tambayi mahaifiyarka ko kara shara ne. Da shi ake danni, da shi ake rufi da gadon kara, shi shanu ke ci a rani, shi ake hura wa tuwo, kuma wanda aka bari a gona shi ke tare ƙasa kada iskar bazara ta kwashe ta, gara ta ci ta mayar da shi taki. Yanzu har sayar da shi ake yi dami-dami. Sannan kara da ciyawa suna da wani hali da injiniyoyi ke tsoro. Kun ga yadda iyayenmu mata ke tace tokar kara su sami ruwan toka na miya? Wannan gishirin da ke cikinta, in wuta ta yi zafi sosai, narkewa yake yi ya manne a bututun tukunyar inji kamar ƙanzo, ya toshe, ya ci ƙarfe. Shi ya sa tukunyar da aka ƙera don itace ba lalle ta karɓi ciyawa ba. Kuma gishirin nan abincin ƙasa ne. Duk tan ɗin da ya bar gona ya tafi da shi, in ba a dawo da tokar an watsa ba, gonar ce ke biyan kuɗin wutar a ɓoye.

Sai ruwa da dako. Ɗanyar ciyawa kashi 75 zuwa 80 cikin 100 ruwa ce, ɗanyen itace kuwa wajen rabi. In ka loda wa mota ɗanya, kuɗin dakon ruwa ka biya. In ka tsaya ta bushe, kana bukatar fili da rumfa da mai gadi, ga tsoron gobara a lokacin hunturu, tari guda ya kama shi ke nan abincin wata uku ya tafi. Kaya ne mai cika mota ba nauyi, shi ya sa in gona ta yi nisa da tasha, man da mota za ta sha sai ya cinye ribar.

Kada ku ce tsohon nan ba abin da ya gani sai duhu. Akwai inda abin ya yi kyau, kuma in kun lura za ku ga kamanninsu ɗaya. Ku je wajen Maƙarfi lokacin mazarƙwaila ku tsaya ku kalla. Ana matse rake, ruwan ya tafi kasko, tukar a baza ta a rana, in ta bushe ita ce makamashin da za a dafa ruwan da ita. Ba wanda ya noma rake don tuka, amma tuka ce ke riƙe da wutar. Abin da ƙasashen Moris da Brazil suka yi ke nan da babban hannu. Masana'antun sukarinsu suna ƙona tukar rake su yi tururin aikinsu, su yi lantarki, rarar su sayar wa ƙasa. A Brazil ma sai aka yi dace, lokacin yankan rake a kudancin ƙasar shi ne lokacin da ruwan madatsu ke ja baya. A Moris kuwa, da rake ya ƙare sai tashoshin su koma kwal, wanda ke nuna muku cewa ko gwanayen ba su iya ciyar da dokin shekara cur da tuka kaɗai ba. A jihar Bihar ta Indiya, tun 2007 wasu samari kamarku suka fara ba ƙauyuka wuta da ɓuntun shinkafa, da ƙananan injuna masu turara shi su fitar da gas. Ɓuntun yana nan tuli a bakin injin casa, ba a nome shi ba, ba a yi dakonsa daga nesa ba. Duk wanda ya bi ta Kura ya ga irin wannan tuli.

Wanda ya fi kusa da abin da kuke so, wato shuka don wuta, Sirilanka ce ta fi burge ni da shi. Suna da wani itace, gilirisidiya, da gwamnatinsu ta ɗaga darajarsa a 2005 ta sa shi a sahun shayi da roba da kwakwa. Amma dubi yadda manomi ke yi da shi: a shinge yake dasa shi, ko a tsakanin itatuwan kwakwa. Ganyen ya ba dabba ko ya zuba a gona ya zama taki, sandunan ya sayar wa masu tasha ko masana'anta. In mai saye ya gudu, bai yi asarar komai ba, shingensa na nan, akuyarsa ta ƙoshi. Wannan ita ce tambayar da nake so ku riƙa yi wa kowane tsiro kafin ku sa shi a ƙasa: in injin ya mutu gobe, me zan yi da kai? Wilo na Yokshaya ba shi da amsa, bini-da-zugu na dattijon nan ba shi da amsa. Dalbejiya tana da ita, gawo yana da ita, gamba ma tana da ita, don ko ba komai za a yi zana.

Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen sanin itace, sai dai ba mu cika daraja abin gida ba. A yankin Maraɗi, tun wajen 1983, manoma suka koma barin kututturen da ke tohowa a gona, su rage rassan su bar biyu ko uku su tashi. Wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa dabarar, amma hannun manoma ne ya yi aikin. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da suka sake yin itatuwa a Nijar, gero na girma a ƙarƙashinsu, mata na samun itacen girki daga sassabe ba tare da an kashe uwar ba. Ga kuma kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru tun bayan gina madatsun Tiga da Challawa, masunta da manoma na kuka da ita. A kogin Sanagal, inda ta yi musu irin wannan ɓarna, har gawayi ake yi da ita. Yankanta cikin ruwa aiki ne mai wuya, ban ce muku sauƙi gare shi ba, amma ga tsiron da ba sai an ba shi fili ba, shi ya ƙwaci nasa.

Idan duk da haka wani ya zo muku da maganar kwangila, ko ku ne za ku kai wa manoma ita, to ku zauna a kan tabarma ku yi tambayar ƙauye, kada kunyar a ce ba ku waye ba ta hana ku. Ina injin yake, an kafa shi ko yana cikin takarda? Wa zai sayi wutar, kuma da nawa, tunda mutanenmu ba su saba biyan kuɗin wuta mai tsada ba? Da awo za a sayi itacen ko da dami, ɗanye ko busasshe, wa ke riƙe da sikeli? In tsiron sai ya shekara uku kafin a fara sara, me manomi zai ci kafin nan? In kamfani ya fasa, wa zai biya kuɗin tumɓuke kututture, kuma filin hannun wa zai koma? Wanda ya zo da gaskiya ba zai ji haushin waɗannan ba. Ni ko ɗaya ban yi ba a 2008, takarda mai launi ta ishe ni.

Dokar lantarki ta 2023 ta buɗe wa jihohi ƙofar shirya harkar wutarsu, na kuma san shi ya sa jininku ke tafasa. Ina murna da haka. Ina so in ga ranar da injin markaɗe da na walda za su yi aiki a garin nan ba tare da jarkar fetur ba, ɗalibi ya yi karatun dare ba da fitilar waya ba. Ku fara da zagaya garin da littafi, ku rubuta abin da ake zubarwa da gaske: ɓuntu nawa injin casa ke fitarwa a mako, ɓawon gyaɗa nawa, totuwar masara nawa, wa ke ɗauka yanzu, nawa yake biya. Ku rubuta kuma wutar da ake bukata da dare, bayan sola ta yi nata da rana. Wataƙila ku tarar ɗan ƙaramin inji ne ya dace da ku, mai aikin awa biyar bayan magariba, wanda abincinsa bai fi ƙarfin amalanke biyu ba.

Ciyawar kuma ban hana ku gwadawa ba. Gayaunata ta bayan makarantar allo, wadda ke gangarawa wajen rafi, na ba ku kwatar eka a ciki daminar bana. Ku raba ta uku: ciyawar giwarku a kashi ɗaya, gamba a ɗaya, na ukun ku dasa itacen da kuka zaɓa a layi, ku sa wake a tsakani. Kada ku ba ta ruwan da sama ba ta ba ta ba. Ku rubuta kowace ranar aiki da kowane kwanon taki. In kaka ta yi ku yanke, ku auna ta ɗanya, ku baza a kan rufin zaurena ta yi sati uku, ku sake aunawa. Sikelin da nake auna iri da shi tun ina aiki yana nan rataye a bayan ƙofa, sai dai ƙugiyarsa ta yi tsatsa. Wanda zai zo ɗauka ya taho da ɗan man inji.